Darasi: Yadda ƙwayar VIH ke gajiyar da garkuwar jiki

A shekarar 1987 aka fara tabbatar da mai ciwon sida a Nijar. Daga lokacin zuwa yau an yi faɗakarwa a rediyo, an yi a masallatai da makarantu, har kusan kowane baligi a Yamai zai iya lissafa hanyoyin kamuwa: saduwa ba tare da kariya ba, ƙarin jinin da ba a gwada ba, allura ko reza da wani ya yi amfani da ita, sai kuma daga uwa zuwa jariri. Abin da ba a cika bayyana wa mutane ba shi ne abin da ke faruwa a cikin jiki bayan an kamu. Mutum na iya ɗaukar ƙwayar VIH shekara takwas ko goma yana sana'arsa a kasuwar Katako, yana cin tuwonsa, ba ya ko ciwon kai. Sai wata shekara tari ya kama shi ya ƙi saki, zawo ya biyo baya, rama ta shigo. Ina ciwon yake duk tsawon shekarun nan? Amsar wannan tambaya ce darasinmu, kuma wanda ya fahimce ta ba zai ƙara jiran sai ya kwanta kafin ya je gwaji ba.

Ƙwayoyin da ke tsaron jiki

A cikin jininmu akwai jajayen ƙwayoyi masu kai iska ko'ina a jiki, akwai kuma farare masu yaƙi da cuta. Fararen iri-iri ne. Wasu na cinye ƙwayoyin cuta, wasu na haɗa sinadarin da ke kama su, wasu na kashe ƙwayar jikin da cuta ta riga ta shige ta. Akwai iri guda da ake kira CD4. Aikinta shi ne ta gane baƙon abu, sannan ta aika wa sauran saƙo su tashi. In babu ita, sauran suna nan amma ba mai tada su, ba mai nuna musu inda za su nufa.

Asalin waɗannan ƙwayoyi daga ɓargo ne. Daga nan sukan wuce wata ƴar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, ana kiranta timus, inda suke koyon bambanta abin da yake na jiki da wanda ba nasa ba. Timus na aiki sosai a ƙuruciya, yana raguwa da shekaru. Saboda haka babba ya fi dogara ga wata hanya: ƙwayar CD4 da ke nan ta rabu biyu, biyun su zama huɗu. Rarrabuwar nan ita ce haihuwarsu.

Kun san kaluluwa. Yaro ya ji ciwo a yatsan ƙafa, bayan kwana biyu sai a ji wani ɗan ƙulli kamar gyaɗa a matsematsinsa, in an taɓa ya yi tsalle don zafi. Abin da yatsa ke taɓawa a nan taron fararen ƙwayoyi ne da suka gane cutar, suke rarrabuwa da sauri don su yi yawa. In an ci ƙarfin ciwon, yawancinsu su mutu, ƙullin ya sace, kaɗan su rage suna riƙe da kamannin cutar don gaba. Haka tsarin yake ga mai lafiya: a tashi, a yawaita, a gama aiki, a huta. Ku riƙe wannan hutun a ranku, domin shi ne abin da VIH ke hanawa.

Yadda ƙwayar ke shiga

Masana biyu na cibiyar Pasteur da ke Paris, Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier, su suka fara ware ƙwayar VIH a 1983, kuma daga kaluluwar wani mara lafiya suka ciro ta. An ba su lambar Nobel a 2008. Ƙwayar ba ta iya hayayyafa ita kaɗai, dole sai ta shiga wata ƙwayar jiki. A bayan ƙwayar CD4 akwai wani ɗan maƙali da VIH ke kamawa, shi ne ƙofarta. Da ta shiga sai ta kwafi bayanin gadonta, ta liƙa shi cikin bayanin gadon ƙwayar mutum, wanda ake kira ADN. Daga ranar, duk lokacin da wannan ƙwayar CD4 ta tashi aiki, sababbin VIH take ƙerawa.

Abin takaicin shi ne VIH ta fi jin daɗin ƙwayar da ta tashi tana shirin rarrabuwa. Jiki ya ga baƙo, ya tada ƙwayoyin CD4 su yawaita don su yaƙe shi, yawaitar kuma ta zama ƙarin wurin zama ga baƙon.

Ɓarnar farko a hanji ake yin ta. Ƙwayoyin CD4 da ke yawo cikin jini kaɗan ne ƙwarai, wajen kashi 2 cikin 100. Sauran suna cikin kaluluwa, da saifa, da bangon hanji. Binciken da aka buga a 2004 ya nuna cewa a makonnin farko na kamuwa ana asarar babban kaso na ƙwayoyin CD4 na hanji. A waje kuwa abin da mutum zai ji bai wuce zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da ƴan ƙuraje ba, wasu ma ba sa jin komai. A garinmu da zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare, wa zai kawo VIH a ransa? A sha magani, zazzaɓi ya sauka, a koma aiki.

Shekarun da ake zaton shiru ne

Da farko masana sun ɗauka cewa bayan wannan zazzaɓi ƙwayar kwanciya take yi, sai bayan shekaru ta farka. A watan Janairun 1995 ƙungiyoyin bincike biyu a Amurka, ɗaya ƙarƙashin David Ho a New York, ɗaya ƙarƙashin George Shaw a Alabama, suka rushe wannan zato. Sun ba marasa lafiya sababbin magunguna, suka riƙa auna jininsu a kai a kai, suka ga ƙwayar na raguwa cikin kwanaki. Wannan ya nuna cewa kafin maganin, kullum ana ƙera ta, kullum ana kashe ta. Lissafin da aka fitar a 1996 ya kai ƙwayar VIH wajen biliyan 10 a rana guda, a jikin mutum guda da ba ya shan magani.

To su kuma ƙwayoyin CD4 fa? A 1999 Marc Hellerstein da abokan aikinsa a Kalifoniya suka sa wa mutane wani sukari mai alama ta jijiya. Duk ƙwayar da ta rabu a lokacin sai ta ɗauki alamar, don haka ana iya bin sawunta a ga yaushe aka haife ta, yaushe ta ɓace. A jikin marasa VIH, sai bayan wajen kwana 87 rabin ƙwayoyin CD4 na jini ke sauyawa. A jikin masu VIH da ba su fara magani ba, lokacin bai kai kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Wato ƙwayoyin na mutuwa da ƙuruciya, jiki kuma na ta fama ya cike gurbinsu.

Makiyayi zai gane wannan da wuri. A ce mutum na da tumaki ɗari, bara ɗari, bana ɗari ba biyar. Mai wucewa zai ce garke na nan lafiya. Amma mai garken ya san cewa kowane wata ana mutuwa, kuma abin da ya riƙe adadin shi ne tumakin na haihuwa ba hutu. Ya san iyayen na ramewa, ƴaƴan da ake samu ba su da ƙwari, kuma ranar da haihuwa ta kasa cim ma mutuwa, garken zai zube cikin ɗan lokaci. Haka ƙwayoyin CD4 suke a shekarun da mai VIH ke jin garau. Adadinsu na sauka a hankali, galibi 50 zuwa 100 a shekara cikin ma'aunin da za mu gani a gaba, amma a ƙarƙashin wannan ƙaramin ragi akwai haihuwa da mutuwa masu yawan gaske.

Me ke kashe su?

Nan ne abin ya ba masana mamaki. In aka duba jinin mai VIH, ƙwayoyin CD4 da cutar ta shiga har take hayayyafa a cikinsu kaɗan ne. Waɗanda ke mutuwa sun fi su yawa nesa ba kusa ba. An gano dalilai da dama, kuma tare suke aiki.

Wadda cutar ta shiga tana ƙera VIH ba ta wuce kwana ɗaya zuwa biyu, ko cutar ta kashe ta, ko ƴan uwanta fararen ƙwayoyi su gane ta su kashe ta. Wannan a fili yake. Akwai kuma waɗanda VIH ta shiga amma ta kasa kammala kwafin kanta. Ƙwayar CD4 sai ta ji baƙon abu a cikinta, ta fashe kanta, ta zubar da sinadaran da ke kiran wasu ƙwayoyin zuwa wurin, su ma su faɗa cikin abin da ta faɗa. Warner Greene da Gilad Doitsh na cibiyar Gladstone a San Francisco sun nuna a 2010 da 2014 cewa a naman kaluluwa da suka gwada a ɗakin bincike, fiye da kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyin CD4 da suka mutu ta wannan hanya suka mutu.

Dalilin da ya fi kowanne nauyi a ganina, kuma wanda ya kamata ɗalibi ya fita da shi daga aji, shi ne rashin hutu. Tunda VIH ba ta fita daga jiki, garkuwa ba ta samun ranar da za ta ce an gama. Ga kuma bangon hanji da ya raunana tun farko, gutsattsarin ƙwayoyin cuta na hanji suna tsallakawa cikin jini, kamar yadda aka nuna a 2006, suna ƙara tada garkuwar. Ƙwayar da aka tada ta rabu, an riga an ƙaddara mata gajeren rai, ko da VIH ba ta taɓa ta ba. Wadda aka yi ta tadawa kuwa takan gaji, ta daina amsa kira. Kaluluwar da ta shekara da shekaru a kumbure takan yi tabo a ciki, ta daina ciyar da sababbin ƙwayoyi yadda ya kamata. Timus ma cutar na rage masa ƙarfi. Ana kashewa da yawa, wurin renon kuma na lalacewa.

Hujja mai ƙarfi a kan wannan rashin hutu daga yankinmu na Afirka ta Yamma ta fito. A dazukan Saliyo, Laberiya da Kodebuwa akwai wani biri mai launin toka da ake kira mangabe. Yana ɗauke da ƴar uwar VIH, da yawa kuwa a jininsa, amma da wuya ya yi ciwo. Da aka bincika sai aka ga garkuwarsa na tashi a farkon kamuwa, sannan ta lafa. Daga wannan biri ne nau'i na biyu na cutar, VIH-2, ya tsallako zuwa mutane. Farfesa Souleymane Mboup na Dakar yana cikin waɗanda suka fara ganin alamarsa a 1985, aka ware shi a 1986. VIH-2 ya fi nau'i na farko, VIH-1, jinkirin cin ƙwayoyin CD4, kuma wasu magunguna, irin su nebirafin da efabirenz, ba sa kama shi. Shi ya sa a yankinmu yake da muhimmanci gwaji ya bambanta nau'in da mutum ke ɗauke da shi.

Lambobi biyu a takardar asibiti

Ma'aikacin lafiya zai ɗaure dantse, ya ɗebi jini cikin ƴar kwalba mai murfi ruwan shuni, ya rubuta lamba a jikinta. Sakamakon da ke dawowa yakan ƙunshi ɗaya daga cikin abubuwa biyu, ko duka.

Na farko adadin CD4 ne, a cikin milimita kubik ɗaya na jini, wato kamar a raba ɗigo guda kashi hamsin a ɗauki ɗaya. Mai lafiya yakan sami 500 zuwa 1,500. In adadin ya sauka ƙasa da 200, an shiga matakin da ake kira sida. A nan ne cututtukan da jiki ke turewa ba tare da mun sani ba suke samun hanya: farin tabo a baki da maƙogwaro har haɗiya ta gagara, zawon da ke wuce wata, wani irin sanƙarau da ke zuwa a hankali da ciwon kai mai naci. Tarin fuka kuwa ba ya jiran a kai 200, kuma shi ne ya fi kashe masu VIH a duniya. Don haka ake gwada duk mai tarin fuka a ga ko yana da VIH.

Na biyu shi ne abin da takardar ke rubutawa da Faransanci, charge virale, wato yawan ƙwayar VIH cikin mililita ɗaya na jini. CD4 na faɗin abin da ya rage na garkuwa, wannan kuma na faɗin ƙarfin abin da ke cin ta. Ga mai shan magani, abin da ake nema shi ne a ga kalmar indétectable, ma'ana ƙwayar ta yi ƙarancin da na'ura ba ta ganin ta. In ta haura 1,000 alhali ana shan magani, akwai matsala: ko ana tsallake sha, ko ƙwayar ta fara bijire wa maganin.

Ku gwada wannan lissafi a allo. A ce mutum na da CD4 800, yana asarar 60 kowace shekara, bai yi gwaji ba, bai sha magani ba. Shekara nawa zai ɗauka ya kai 200? Bayan kun sami amsa, ku tattauna: a cikin shekarun nan, wa ke kwana da shi, kuma haihuwa nawa za a iya yi a gidan?

Abin da magani ke gyarawa

A 2003 gwamnatin Nijar ta kafa shirin INAARV don samar da magungunan ARV masu danne VIH, a 2004 aka fara ba marasa lafiya, kuma kyauta ake bayarwa. A lokacin ana jira sai CD4 ya sauka wajen 200 kafin a fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga mizanin zuwa 350 a 2010, zuwa 500 a 2013, a 2015 kuma ta ce duk wanda aka samu da VIH a fara masa magani ba jira. Ɗaya daga cikin binciken da ya kawo wannan sauyi a Abijan aka yi shi, sunansa Temprano, da mutane sama da 2,000. Waɗanda aka fara wa magani da wuri, haɗarin ciwo mai tsanani ko mutuwa ya ragu musu da kashi 44 cikin 100 in an kwatanta da waɗanda aka jinkirta wa.

Yau yawancin manya ƙwaya ɗaya suke sha a rana, mai haɗe da magani uku: tenofobir, lamibudin da dolutegirabir. Biyun farko na hana VIH kwafin kanta, na ukun na hana ta liƙa bayaninta cikin ADN ɗin mutum. Da ƙwayar ta ragu, garkuwa ta sami hutun da ta rasa. Rarrabuwar gaggawa ta lafa, ƙwayoyin CD4 su koma yin tsawon rai, adadinsu ya riƙa hawa, galibi 50 zuwa 150 a shekarar farko. Wanda maganin ya danne masa ƙwayar har ba a ganin ta ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa. Mai ciki da ba ta shan magani, haɗarin jaririnta ya kamu yana tsakanin kashi 15 da 45 cikin 100. Da magani yakan sauka ƙasa da 5.

Sai dai gyaran na da iyaka, kuma iyakar ta danganta da ranar da aka fara. Wanda ya fara da CD4 600 yakan riƙe garkuwarsa kusan yadda take. Wanda ya fara da 50 zai iya tashi ya koma sana'arsa, an ga haka ba adadi, amma da yawa daga irinsa ba sa komawa 500 ko bayan shekaru, saboda tabon da kaluluwa ta riga ta yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Me ya sa ba a daina sha?

Wannan ce tambayar da aka fi yi wa ma'aikatan lafiya: “Malam, tunda an ce ba a ganin ta, ba na warke ba ke nan?” A'a. A 1997 masana a Amurka suka gano cewa wasu ƙwayoyin CD4, irin masu riƙe kamannin cuta don gaba, sukan koma barci da bayanin VIH liƙe a cikinsu. Ba sa ƙera komai, don haka garkuwa ba ta ganin su, magani kuma ba shi da abin da zai tare. A 2014 aka ƙara gano cewa in irin wannan ƙwaya ta rabu biyu, kamar yadda kowace ƙwaya ke yi, kowace ɗiya na fita da kwafin VIH a cikinta. Rarrabuwar da jiki ke rayar da garkuwarsa da ita, da ita cutar ke tsawaita zamanta. In aka daina magani, yawanci cikin mako biyu zuwa huɗu ƙwayar ta dawo cikin jini.

Saboda haka duk mai sayar da jiƙo ko gari da ya ce zai wanke VIH daga jini in an ajiye maganin asibiti, ran mutum yake wasa da shi. Addu'a ba ta hana shan magani, a haɗa su. Mai azumi ya tambayi likita yadda zai mayar da lokacin shansa zuwa dare. Mai shirin tafiya cirani Kwatano ko Abijan ya faɗa tun da wuri a ba shi na watanni, a nuna masa inda zai karɓa a can.

Binciken ƙasa ya nuna masu VIH a cikin manya a Nijar sun kai kashi 0.87 cikin 100 a 2002, 0.7 a 2006, 0.4 a 2012. Ragin abin godiya ne, amma ƙarancin yana da nasa haɗari: mutane sukan ɗauka abin na wasu ne, su zo asibiti a makare, CD4 ya riga ya zube. Kunya da tsoron bakin mutane na ƙara wa jinkirin, alhali dokar ƙasa ta hana tona sirrin mai VIH ko nuna masa wariya. A Yamai ana gwaji a cibiyoyin lafiya na unguwanni da wurin awon ciki, ana yi a CEDAV, cibiyar ƙungiyar Mieux Vivre avec le Sida inda ba a neman suna, ana kuma kula da masu cutar a cibiyar CTA da Babban Asibitin Ƙasa da asibitin Lamorde. Ƙungiyar RENIP+ ta masu ɗauke da cutar ce da kansu, suna tallafa wa sabon shiga. Ɗigon jini daga yatsa ake ɗauka, sakamako ya fito cikin ƙasa da rabin awa. Ku je tun kuna jin ƙarfinku, mai aure kuma ya tafi da abokin zamansa.